Neman shawara: Na yi fim tun ina ƙarama, yanzu ana neman hana ni aure saboda shi

Mai tambaya (an sakaya suna):
Assalamu alaikum 'yan uwa, admin don Allah a ɓoye sunana. Ni 'yar nan Sakkwato ce, shekarata 24. Babanmu ya rasu ina 'yar shekara shida, sai kawuna ƙanen Inna da ke zaune Kano ya ɗauke ni don ya rage mata nauyi. Yana da shago wajen titin gidan Zoo inda ofisoshin 'yan fim suke, suna yawan zama wurinshi, to wata rana wani darakta ya ji ina surutu ya ce dama yana neman yarinya mai baki da za ta fito marainiya wadda kishiyar uwa ke gallaza ma. Daga nan abin ya kankama. Kusan kullum marainiya nake fitowa, ko mai talla da faranti a ka. In ana son in yi kuka hawaye bai zo ba sai a shafa min man zafi ƙarƙashin ido, wani lokaci kuma darakta ya matso ya ce min tuna da babanki, shi kenan sai kukan ya zo na gaske har a kashe kamara ban daina ba. Mukan kai dare a lokeshan, in yi barci cikin bas da biredi a hannu, washegari ba zancen makaranta.

Kuɗin duk hannun kawu ake ba, ni dai na san ana min ɗinkin sallah mai kyau kuma ba a taɓa barina da yunwa ba, wannan ba zan yi mishi ƙarya ba. Da na kai sha huɗu sha biyar na fi ƙarfin fitowa yarinya, ban kuma kai a ba ni budurwa ba, ga kasuwar faifai ta mutu, sai kira ya ɗauke ɗif. Aka maido ni gida wurin Inna, karatu ya tsaya a SS1. Yanzu ina haɗa turaren wuta da humra ina saidawa, alhamdulillahi ina rufa ma kaina asiri.

Ga damuwar. Akwai wanda ke neman aurena, malamin makaranta ne, tun ranar farko na faɗa mishi na yi fim ya ce ba komai. Har manyanshi sun zo gaisuwa. Sai wata 'yar uwarsu ta ci karo da wani guntun bidiyo a TikTok, wani ne ya yanko inda nake rawa a wurin biki cikin wani fim, lokacin ban wuce sha biyu ba, ta tura a gurup ɗin danginsu. Yanzu mahaifiyarshi ta ce ba a kawo mata 'yar fim gida. Shi yana cewa in yi haƙuri yana lallashinta amma magana ta tsaya cak. Ana cikin haka wani furodusa ya samo lambata, ya ce yana son in fito a fim mai dogon zango na YouTube. Wallahi zuciyata na cewa tunda an riga an kira ni 'yar fim to gara in koma in ci amfanin sunan. Kuma kwanan nan ina ta tunanin kawu, shin in tambaye shi kuɗina ko in bar shi da Allah? Don Allah ku ba ni shawara tsakani da Allah.

Hajiya, Arkilla:
Wa alaikis salam ɗiyata. Na karanta har ƙasa, wurin man zafin nan sai da na aje waya. Ki ji mi ni ka hwaɗa miki, kada ki tahi Kano da hushi. In kinka koma yanzu, su waɗanda sunka yi maganar cewa za su yi dama mun hwaɗi. Abin da za a yi, Innarki ta samu dattijuwa guda wadda uwar yaron ke jin kunya, ko malamar Islamiyyarsu ko wata gwaggonta, su tahi su same ta cikin ɗaki ba gaban jama'a ba. A hwaɗa mata wagga yarinya marainiya ce, ɗaukatta anka yi, ɗiyar shekara bakwai ba ta kai kanta ko'ina. A ce mata ta aiko a yi bincike cikin unguwa, tun da kinka dawo wa ya taɓa ganin ki inda bai dace ba? Uwa tsoron bakin dangi take, in ta samu abin da za ta kare kanta da shi gaban 'yan uwanta za ki ga ta sauko. Shi kuma yaron ki sa mishi ido. Ba a ce ya yi ma uwarshi rashin kunya ba, amma lallashi ba ya zama babu iyaka, ya kawo baffanshi cikin maganar, maza su ma su sa baki.

Wani ɗan uwa, Gidan Igwai:
Gaskiya ɗaya ce, mahaifiyarshi na da hujja. Gobe 'ya'yanshi su taso a riƙa nuna musu uwarsu tana rawa a waya. Ni ba zan yarda ba.

Maman yara, Runjin Sambo:
Haba malam, rawar yarinya 'yar firamare? Wace ɗiya ce cikin gidajenmu ba ta yi rawa a kamu ko wuni an ɗauka a waya ba? Kai da kanka ƙila ka kalli finafinan nan da iyalinka kun tausaya mata, yau kuma ita ce abin gudu. Ku ji tsoron Allah kan marayu.

Tsohon ma'aikacin fim:
Ƙanwata ni na yi aikin haske da kamara a Kano kafin in dawo gida, bari in gaya miki yadda abin yake daga ciki. Furodusan nan ba don Allah ya tuna da ke ba, bidiyonki ne ya ga yana yawo, yana son ya rubuta a kan hoton fim cewa yarinyar nan ta dawo don mutane su danna. Wannan ba laifi ba ne, kasuwanci ne, amma ki sani bayan fitowa biyu uku ɗokin zai wuce ki koma layi da sababbin fuska da suka cika gari. Yawanci kuma biyan ana yin shi ne bisa yawan sin, wato yawan fitowar da kika yi cikin fim ɗin, ba albashi ba, yau akwai gobe babu. Kin tuna cece-kucen 2022 lokacin da Ladin Cima ta yi hira da BBC Hausa kan abin da ake biyanta? Matar da ta tsufa a harkar kenan. Sannan ga kuɗin masauki a Kano, ga sutura da kwalliya wanda sau da yawa daga aljihunki ne, ga rajista da Hukumar Tace Finafinai ta jihar, wadda take nan tun 2001, sai kin bi ƙa'idojinta kafin ki yi aiki.

Abu mafi muhimmanci, al'adar masana'antar ita ce mace in ta yi aure ta daina fitowa. Wato ba za ki haɗa biyun ba, ɗaya za ki ɗauka. In kin zaɓi fim to ki tafi da wani babba naki, a rubuta yarjejeniya, sin nawa, nawa ne kuɗin, yaushe za a biya, kowa ya sa hannu. Ban ce harkar duk ɓatacciya ce ba, na zauna da mutanen kirki a ciki masu sallah kan lokaci masu taimako. Maganar bidiyon kuma, kina iya kai ƙara a TikTok ɗin, amma wanda ya fi ƙarfin sa a sauke shi ne mai fim ɗin, in kina da hanyar samunshi ki roƙe shi. Sai dai wanda ya riga ya shiga wayoyin mutane ya shiga.

'Yar makaranta:
Anti ni dai na ce ki koma abinki wlh. Baiwa ce Allah ya ba ki. Sridevi ta Indiya tana shekara huɗu ta fara kuma har ta rasu a 2018 ana ji da ita, ta yi aure ta haihu. Namijin da zai tsaya jiran dangi tun yanzu wahala za ki sha.

Hajiya, Arkilla:
Ɗiyata Indiya daban Sakkwato daban. Ita nan za ta zauna, nan Innarta take.

Malamar sakandare, Gwiwa:
Ni abin da ya fi tsaya min a rai cikin labarinki shi ne SS1 ɗin nan, kuma na ga ba wanda ya taɓo shi. An ci ƙuruciyarki an ci karatunki, ƙuruciya ba ta dawowa amma karatu ana iya kamo shi. NECO da WAEC duk suna da jarrabawar 'yan waje wadda ba sai kina aji ba, ki nemi lesin na yamma, ki samu kiredit biyar har da Turanci da Lissafi, ki yi JAMB, ga kwalejin Shehu Shagari ga poli ta Umaru Ali Shinkafi ga jami'ar Ɗanfodiyo duk a garin nan. Wadda ta iya haddace zance ta faɗe shi gaban kamara tana shekara bakwai ba za ta kasa haddace darasi ba. Kuma wanda kike so malami ne, to ga inda zai nuna da gaske yake.

Abin da ya same ki ba a kanki aka fara ba. A Amurka akwai wani yaro Jackie Coogan da ya tara dukiya da fim, ya girma ya tarar uwarshi da mijinta sun cinye, ya kai su kotu, dalilinshi jihar Kalifoniya ta yi doka a 1939, yanzu dole a ware kashi 15 cikin 100 na kuɗin yaro a ajiye mishi har ya girma. Mu nan dokar kare haƙƙin yara ta tarayya ta 2003 ta hana a ci da gumin yaro, amma jiharmu sai a 2021 ta yi tata, lokacin ke kin daɗe da barin fim. Akwai kuma Shirley Temple, babu yarinyar da ta kai ta suna a fim a zamaninta, ta bar harkar tana shekara 22, daga baya a 1974 ta zama jakadiyar Amurka a ƙasar Gana. Ina kawo miki ita ne don ki ga ba dole ba ne abin da mutum ya yi yana yaro ya zama shi ne aikinshi har abada, kuma ba dole ya ɓoye shi kamar abin kunya ba.

Malam, Ƙofar Atiku:
Allah shi jiƙan mahaifinki. Game da kawu, abin da yaro ya samu nashi ne, wanda ke riƙonshi amana ce a hannunshi, kuma farkon Suratun Nisa'i ya yi magana mai nauyi kan dukiyar marayu. Amma shari'a ta yarda a ciyar da maraya a tufatar da shi daga cikin dukiyarshi, ke ma kin shaida bai bar ki da yunwa ba. Don haka kada ki tunkare shi da zargi ko ki kira shi a waya cikin ɓacin rai. Innarki ce yayarshi, ita za ta zaunar da shi tare da wani dattijo a ce ga ɗiyarka za ta koma karatu ga kuma aure tafe, mi ya rage na haƙƙinta? Wannan taimakonshi ne ma, gara ya sauke nan duniya. In ya kawo wani abu ki karɓa, in kin ga babu kuma kika yafe don kanki lada na wurin Allah, amma ba wanda zai tilasta miki yafewa. Aure da fim ɗin duka ki yi istihara, ki daina yanke hukunci da dare lokacin da zuciya ke tafasa.

Mai tambaya:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri, na karanta kowace amsa har ta wanda ya ce ba zai yarda ba, don irin tunanin da nake fuskanta kenan. Hajiya na karanta ma Inna taki ta yi shiru, can ta ce akwai wata malama da suke zuwa ta'alim tare da mahaifiyarshi, za ta same ta bayan Juma'a. Furodusan na ce mishi ba yanzu ba, ban rufe ƙofa ba gaskiya don har yau in na ga ana ɗaukar fim raina na biyawa, amma ba zan je don in huce haushi ba. Maganar kawu Inna ta ce in bar mata, sai dai na ga abin ya yi mata nauyi, ƙanenta ne ciki ɗaya. Malama don Allah ki duba saƙonki, ina son sanin inda ake lesin na yamma na mata wajen Mabera ko kusa, da kuma ko zan iya haɗawa da sana'ata, don da safe nake kai turare shaguna.

Malamar sakandare, Gwiwa:
Na gani ƙanwata, zan kira ki bayan Magariba. Ki nemo min sakamakonki na JSS3 in yana nan, da takardar haihuwa.