Shawarwarin majalisa kan manhajar naɗar rubutun kwamfuta

Bayan la'asar, a majalisarmu ta ƙofar shagon buga takardu a wani ƙauye kusa da Ringim, wani malamin firamare ya ce yana son sa wa kwamfutarsa manhajar da ke naɗe duk harafin da aka danna, don ya san abin da yaransa ke yi idan ya tafi gona.

Mai shagon ya ce: "Malam, a taka a hankali." Manhajar ba ta tantancewa. Kalmar sirrin bankinka da ta Facebook duk za su taru a fayil guda, wasu ma har su aika ta imel. Na kyautar da ke yawo a intanet sau da yawa su ne ɓarayin, kuma idan Microsoft Defender, wato manhajar tsaro da ke zuwa da Windows, ya yi ƙorafi, ba a banza ba ne. Kar a kashe shi don a samu a girka. A nan muka fi daɗewa, domin rabinmu da wannan niyyar muka zo.

Kowa ya yarda cewa a kwamfutarka kaɗai za ka sa, kuma ka faɗa wa masu amfani da ita. Sa wa ta matarka ko ta abokin ciniki a ɓoye na iya jawo hukuncin Dokar Laifukan Intanet ta 2015, ga kuma hanin leƙen asiri a Suratul Hujurat.

Ni dai na fi karkata ga shawarar wani ɗalibi: a buɗe wa yaran nasu asusun daban a Windows, a kunna Family Safety, wato tsarin Microsoft na sa ido kan abin da yara ke yi a kwamfuta, a ajiye kwamfutar a zaure. Malamin ya ce zai gwada hakan tukuna.