Baturiya ko Dagona a hunturun bana?

Maman 'Yan Biyu: Salamu alaikum 'yan zaure. Hutun Disamba ya matso, yaran nan sun hana ni sakat sai an kai su sun ga tsuntsayen da ke zuwa daga Turai. Dausayin Baturiya ko na Dagona? Daga Kano za mu taso.

Ɗan Haɗeja: Wa alaikumus salam Hajiya. Baturiya mana, ga ta nan a Kirikasamma, ta fi muku kusa. Ku kwana a Haɗeja ku yi sammako.

Na Gashuwa: Dagona dai, a jihar Yobe, kusa da Gashuwa. Don tsuntsayenta mijin Sarauniyar Ingila ya tako har can a 1989.

Mai Kyamara: Hajiya, kafin ki zaɓi wuri ki zaɓi mai kwalekwale. Bara wani ya karɓe mana kuɗi tun da dare, ya ce da asuba zai zo. Bai ɓullo ba sai da rana ta take, ga hazo ya rufe ko'ina, ko tsallaken ruwa ba ka hangowa. Da muka shiga, sai ya kutsa da mu cikin kacalla, ciyawar ta fi tsawon mutum, muna jin kukan kirinjijiya ta bayanta amma ko ɗaya ba mu gani ba. Abin da ya fi ɓata min rai, da muka fito fili muka tarar da garken agwagin nan masu farin layi a saman ido, irin waɗanda ke ƙetaro Sahara, sai ya ɗaga sandar tuƙi ya maka wa ruwa, wai don su tashi mu ji daɗin hoto. Tsuntsun da ya sha wannan doguwar tafiya, ya sauka yana kiwo, ka tashe shi a banza! A bakin gaɓa kuma ya kira wani yaro ya kawo mana dinya biyu an ɗaure musu ƙafa, wai mu saya. Kada ki biya kowa sai kun sauka, kuma ku kasance a kan ruwa kafin rana ta fito.

Direba: Dinyar nawa ya ce? Ai da yaji ba ta da laifi.

Mai Kyamara: Irinku ne suka sa gauraka ta yi wuyar gani.

Direba: Allah ya huci zuciyarka, ranka ya daɗe. Wasa nake.

Ƙanwar Zaure: Ni shamuwa nake son gani, tana nan?

Na Gashuwa: Shamuwa da hunturu? Ƙanwata, ita da damina take zuwa, ruwa na ɗaukewa ta yi kudu. Yanzu sai zalɓe, jinjimi, belbela da zakaran ƙeƙuwa, sai baƙin tsuntsayen da ke zuwa daga Turai.

Malamin Firamare: Kacallar nan da ake magana ba a banza ta yaɗu ba. Tun da aka gina dam ɗin Tiga a 1974, aka ƙara da na Challawa, ruwa ya daina zuwa ya janye yadda ya saba, ya koma kwanciya a wuri ɗaya shekara duka. Abin da kacalla ke so ke nan. Ta toshe hanyoyin ruwa, jan baki kuma ya samu maɓoya yana cinye wa manoma shinkafa.

Ɗan Haɗeja: Ruwan da Kanawa suka tare mana.

Direba: To ku daina cin tumatir ɗin Kadawa mu gani.

Ɗan Jos: Wanda ba ya son shiga ruwa ya zo dajin Amurum, kusa da Laminga. Akwai cibiyar binciken tsuntsaye a wurin, suna sa musu zobe a ƙafa. Sai dai a zo da rigar sanyi mai kauri.

Baba Alhaji: A kai yara Yankari su yi wanka a Wikki, ruwan da ɗuminsa ko da sanyin asuba. Amma a riƙe leda da kyau, gwaggon biri ba ya jin kunyar kowa.

Maman 'Yan Biyu: Baba, tsuntsaye fa suka ce.

Baba Alhaji: Akwai burtu a can, 'yata.

Na Gashuwa: Idan Dagona kuka tsayar, ku bari sai Janairu, ruwa ya ƙara janyewa sun taru wuri ɗaya. A sa wa yara kaya marasa haske, a kuma ja musu kunne kan ihu.

Ƙanwar Zaure: Wa ke da madubin hangen nesa ya ara min? Zan bi Hajiya in akwai wuri a mota.