Muhawara: Da wane irin mutum ya kamata sabon shiga ya fara wasan ɗaukar hali?

Direban Tasi:
Assalamu alaikum 'yan uwa. A daren jiya ƙaninmu ya tambayi yadda ake fara wasan ɗaukar hali a wasan kwamfuta na GTA V, wato wasan da mutum yake ƙirƙirar wani mutum daban ya shiga rigarsa, ya yi magana da mu'amala a matsayinsa tare da sauran 'yan wasa. Na ga amsoshin da aka ba shi duk sun karkata ga abu ɗaya, cewa ya zauna ya rubuta tarihin mutumin nan shafi biyu ko uku, tun daga haihuwarsa har ranar da ya sauka a filin jirgin Los Santos, garin da ake wasan a cikinsa. Ni ban yarda da wannan shawara ba. Ra'ayina shi ne, wanda bai taɓa wannan wasa ba kada ya fara da ɗan fashi, ko ɗan sanda, ko tsohon soja mai neman fansa, kuma kada ya ɗora wa kansa dogon tarihi. Ya fara da mutum mai ƙaramar sana'a, direban tasi ko makanike ko mai kwashe shara, ya bar tarihin ya taru daga abin da zai same shi a cikin gari.

Shekara uku ke nan ina wasa a sabobin (wato kwamfutocin intanet da 'yan wasa suke haɗuwa a kansu) FiveM, manhajar da take ba jama'a damar buɗe nasu garin a kan GTA V da dokokin kansu, wadda kamfanin Rockstar, mai GTA, ya sayi masu haɗa ta a watan Agustan 2023. Mutumin da na fara ƙirƙira tsohon soja ne da aka kashe masa iyali, kuma sai da na yi kwana biyu ina rubuta labarinsa. A daren farko babu wanda ya nemi jin ko layi ɗaya daga ciki. Abin da ya faru shi ne wani ya tare ni a bakin titi ya roƙe ni in kai abokinsa asibiti, ni kuwa na tsaya shiru domin duk abin da na rubuta bai gaya mini yadda mutumin nan yake amsa gaisuwa ba, balle roƙo.

Tsohon Mai Kula da Saba:
Wa alaikumus salam. Ƙanena, akwai wani ɓangare na maganarka da zai iya rufe wa yaron nan ƙofa tun kafin ya isa bakinta. Sabobin da suke da tsari sosai ba a shiga cikinsu kai tsaye, sai an cika takardar neman izini an tantance mutum, kuma haka abin yake a babbar sabar NoPixel da sunanta ya bazu a Twitch, dandalin kallon wasa kai tsaye, tun daga 2019. A irin waɗannan takardu ana tambayar wane ne mutumin da za ka zama, kuma me ya kawo shi garin. Na yi fiye da shekara ina karanta su a wata ƙaramar saba, kuma ba daɗin labari muke nema ba. Muna so ne mu ga ko mai nema zai iya tunani da kan wani, ko kuwa duk abin da ya rubuta jerin ƙarfi ne da bindigogi da motoci. Wanda ya zo da layi biyu ya ce sauran zai samu a hanya, yawanci mukan mayar masa da takardarsa.

Malamar Adabi:
Ni matsalata da wannan ra'ayi ta sha bamban da ta Malam. Idan aka ce wa sabon shiga ya zama mutum gama-gari marar tarihi, abin da zai yi ba tare da ya sani ba shi ne ya zama shi kansa, ya sauya suna kawai. Daga nan duk wanda ya zagi direban tasin nan a cikin wasa, shi aka zaga, kuma duk wanda ya ƙwace masa mota, shi aka cuta, sai ka ga faɗan ya fito daga wasa ya koma Discord, manhajar da 'yan wasa suke hira a wajen wasa. Ku tuna yadda yara suke yin tashe a watan azumi: yaron da zai zama tsoho sai ya manna gemun auduga, ya duƙa, ya dogara sanda, ya karyar da murya. Gemun nan shi ne yake gaya wa 'yan kallo, har da yaron kansa, cewa wanda yake tsaye a ƙofar gidan ba shi ba ne, shi ya sa ko an yi masa dariya ba ya fushi. Rubutaccen tarihi shi ne gemun audugan mai wasan kwamfuta.

Kuma ina so ku lura cewa wannan wasa bai fara daga GTA ba. Tun daga Dungeons & Dragons, wasan tebur da ya fito a 1974, ɗan wasa yana zama ne da takardar da ke bayyana mutuminsa kafin a jefa ɗan lido na farko, kuma wasan MUD da aka fara haɗawa a Jami'ar Essex ta Ingila a 1978 ya kai mu'amalar 'yan wasa da yawa cikin kwamfuta da rubutu zalla. Ni a World of Warcraft nake wasa, a sabar Argent Dawn ta Turai, inda mutane da yawa suke amfani da ƙarin manhaja mai suna Total RP 3 domin su rubuta kamanni da halin mutuminsu, wanda ya zo wucewa ya karanta kafin ya yi sallama. A can babu tasi da za ka tuƙa fasinja ya kawo maka labari. Wanda ya shiga da shafi fari fat, zai iya tsayuwa a kasuwar Stormwind, wani babban birni na wasan, dare guda cur babu wanda ya kula shi.

Mai Shagon Wasanni:
Ranki ya daɗe, bayaninki ya gamsar a kan wasanku, amma ni zan goyi bayan mai buɗe muhawara saboda wani dalili da nake gani kullum a shagona. Sabobin nan mafi yawansu a Turai da Amurka suke, saƙon da ya tashi daga nan sai ya ɗan jinkirta kafin ya je ya dawo, ga ɗauke wuta, ga data da take yankewa ba sallama. Kusan kowace saba tana da doka mai tsanani a kan wanda ya fita daga wasa ana tsakiyar kama shi ko ana musayar wuta, domin ana ɗaukar hakan a matsayin gudun hukunci. Ɗan fashin da wuta ta ɗauke masa 'yan sanda na bin sa, sai ya je ya yi bayani da hujja, in ba haka ba a dakatar da shi. Makaniken da wuta ta ɗauke masa yana ɗaure taya, idan ya dawo haƙuri kawai zai bayar.

Sannan akwai batun harshe. Fashi da aikin ɗan sanda a sabar murya suna buƙatar Turanci mai sauri cikin hayaniya. Wanda bakinsa bai saba ba, gara ya nemi saba ta rubutu, inda zai buga /me ya bayyana abin da mutuminsa yake yi, ya buga /do ya bayyana halin da wurin yake ciki, ya sami sararin tunani kafin ya amsa. Haka aka daɗe ana yi a SA-MP, wanda aka gina a kan GTA San Andreas na 2004, kuma har tsohuwar kwamfuta tana ɗaukarsa. Zan ƙara da cewa GTA V na 'yan shekara 18 ne zuwa sama, ni ba na barin ƙananan yara su taɓa shi a wurina.

Sabon Shiga:
Na gode wa yayyena duka da kuka ɗauki tambayata da muhimmanci. Amma zan faɗi gaskiyar abin da ke raina. Abin da ya ja hankalina zuwa wannan wasa shi ne bidiyon tsere da 'yan sanda da shirin fasa banki da nake kallo a YouTube. Da rana sana'ata tuƙin A Daidaita Sahu, kuma abin da nake samu na hutu da dare bai wuce awa biyu ba. Yaya za a ce in sauka daga wannan in hau kwamfuta in sake ɗaukar fasinja? Ina tsoron idan na bi shawarar Yaya Direba zan gaji a mako ɗaya in bar abin gaba ɗaya.

Tsohon Mai Kula da Saba:
Tambayarka tana kan hanya, ƙanena, kuma ita ta sa zan ɗan koma bayan wanda na fara musu da shi, a rabin maganarsa na sana'a, ban da rabin tarihi. Waɗanda kake kallo a bidiyo sun yi ɗaruruwan awanni a garin, sun san juna, kuma an yanke maka minti goma ne daga zaman awa shida ko takwas. Abin da ba a nuna maka shi ne yawan dokokin da ɗan fashi yake ɗauke da su a ka lokaci ɗaya. Ba za ka harbi mutum ba tare da dalilin da ya taso daga labari ba, kuma ba za ka banke shi da mota haka kawai ba. Idan aka ɗora maka bindiga a ka dole ka nuna tsoro ka bi umarni kamar mai rai ɗaya, ko da ka san wasa zai tashe ka a asibiti. Abin da ka gani a bidiyon wani ko ka karanta a Discord, mutuminka bai san shi ba, saboda haka idan ka ga maɓoyar abokan gabarka ta can ka tafi kai tsaye, ka yi satar labari daga waje. Ba za ka rubuta cewa ka naushi mutum ya suma ba, sai dai ka ce ka kai masa naushi, shi ya faɗi abin da ya same shi. A sabobi da yawa kuma idan aka kashe ka, ka manta da wanda ya kashe ka, babu komawa ɗaukar fansa.

Duk waɗannan dokoki suna neman abu ɗaya daga gare ka, wato ka yarda a ci ka, kuma ka sa shan kayen ya yi wa wanda ya ci ka daɗin wasa. A cikin waɗanda na taɓa dakatarwa, kaɗan ne suka faɗi saboda rashin sanin doka. Yawancinsu sun san ta sarai, amma da aka zo ƙwace musu kuɗin da suka yi mako suna tarawa, zuciya ta ɗebe su. Mai ƙaramar sana'a yana koyon wannan da ƙaramar asara. Aikin ɗan sanda kuwa a saba mai tsari ba ma zaɓinka ba ne a ranar farko, sai ka nema an ɗauke ka an horar da kai.

Direban Tasi:
Ƙanena, ba na so ka ɗauka tasin nan ɗaurin rai-da-rai ne. Mutumina na biyu direba ne da ya zo gari yana neman kuɗin biyan bashin mahaifinsa, iyakar abin da na rubuta ke nan. A mako na biyu wasu mutum uku suka ɗauke ni haya, suka ce in jira su a bayan wani shago, suka fito a guje da jaka. Ban san abin da suka je yi ba sai da na ji jiniya. 'Yan sanda suka tsare ni, suka yi mini tambayoyi kusan rabin awa, na ƙi faɗin kamanninsu saboda mutumin nan yana tsoro, kuma yana tunanin kuɗin da suka yi masa alkawari. Bayan wata biyu ni ne direbansu, kuma ranar da muka yi tseren da kake sha'awa, kowa a motar ya san dalilin da ya sa nake ciki. Wannan tarihi ya fi na sojan nan nauyi, domin mutum goma sun shaida shi kuma suna iya tuna mini da shi.

Malama, maganarki ta gemun auduga ta shige ni, domin na tuna cewa ranar da aka fara ƙwace mini mota na kwana da ɓacin rai na gaske. Na janye cewa a shiga hannu rabbana. A rubuta rabin shafi: abin da mutumin yake nema, abin da yake tsoro, da hali ɗaya da ba na mai wasan ba, misali mai haƙuri ya ɗauki mai saurin fushi, ko mai surutu ya ɗauki miskili. Abin da ban janye ba shi ne shafi uku na yaƙe-yaƙe da kashe-kashen da babu wanda ya gani.

Malamar Adabi:
Rabin shafin nan da ka lissafa, ƙanena, shi nake nufi da tarihi tun farko, sai dai ni zan ƙara masa mutum ɗaya da aka baro a gida, uwa ko ƙanwa ko mai bin bashi, domin mutumin da babu kowa a bayansa ba shi da abin faɗi idan hira ta yi tsawo. Amma har yanzu ban yarda cewa ƙaramar sana'a wajibi ce ga kowa ba. A wasannin da babu fashi da 'yan sanda, na ga sabbin shiga sun fara da jarumi ko mai sarauta kuma sun yi kyau, saboda sun ba shi rauni kuma sun iya sauraro. Sharaɗinka na garin Los Santos ne da dokokinsa.

Sabon Shiga:
To na ji. Tasi dai ba zan tuƙa ba, amma zan gwada makanike, domin masu tsere dole su kawo motocinsu gyara, ta nan zan san su. Zan sa shi ya zama mai yawan magana, tun da ni ba ni da ita, kuma ya baro mahaifiyarsa da alkawarin zai aiko mata kuɗin gyaran ɗaki kafin damina. Abin da ya rage mini shi ne, Yaya Mai Kula, idan ina cikin wasa wani ya karya doka a kaina, in tsaya in gaya masa nan take, ko yaya ake yi?

Tsohon Mai Kula da Saba:
Kada ka fita daga hali a gaban mutane, domin a sabobi da yawa wannan ma laifi ne mai zaman kansa. Ka ƙarasa abin da ake ciki a matsayin makanikenka, ka adana bidiyon wurin idan kwamfutarka tana ɗauka, ka rubuta lokacin da abin ya faru, sannan ka kai ƙara ga masu kula ta hanyar da sabar ta tanada. Idan sabar rubutu ce kuma dole ka yi maganar waje, kamar wutarku ta ɗauke kana kan batir, ka sa ta cikin baka biyu-biyu ka taƙaita. Kafin ka cika takardar neman shiga, ka karanta dokokinsu tun daga farko har ƙarshe, domin kowace saba da nata, sannan ka turo mini rabin shafin in duba maka.