Dillalin masara ya saɓa alƙawari, injin haɗa abincin kaji ya tsaya: ina mafita?

Mai Injin Haɗi:

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar masana. Ƙaramin injin haɗa abincin kaji ne a wajen Kano, yana fitar da tan 5 a rana, rabin haɗin masara ne. Dillali ɗaya ne ke kawo masarar. An ba shi kafin alƙalami a kan farashin da aka yi ittifaƙi, da kasuwa ta tashi sai ya fara kawo uzuri, yau babu mota, gobe babu kaya. Sito ya ƙare, masu gidajen gona suna jira. Yaya ake tsara sayen kaya da mu'amala da dillalai don kada aiki ya riƙa tsayawa haka?

Manajan Sito:

Wa alaikumus salam. Alhaji, kafin a zo kan dillali, a fara da lissafin sito, domin da an san ranar da ya kamata a sake oda, da uzurinsa bai kai ga tsayar da inji ba.

Tan 5 a rana, rabi masara, tan 2.5 ke nan, wato buhu 25 mai kilo 100. Sai ka ƙirga kwana nawa ake ɗauka daga ranar da ka tura kuɗi zuwa ranar da aka sauke kaya a sitonka, har da jiran ranar kasuwa, da ɗinki, da lodi, da hanya. A ce kwana 6. Ka ɗora kwana 10 na ko-ta-kwana saboda lalacewar mota, ruwan sama ko tsaiko a hanya. Kwana 16 sau buhu 25, buhu 400. Duk ranar da masarar da ke sito ta sauko 400, ranar za a yi oda, ba ranar da aka ga ƙasan sito ba. Tirela mai tan 30 tana ɗaukar buhu 300, abincin kwana 12 kacal, don haka wanda ke jiran tirela ta ƙare kafin ya nemi wata, tsayawar inji ta zame masa dole.

Da damina a ƙara kwanakin ko-ta-kwana, don daga Yuni zuwa Agusta tsohuwar masara tana ƙaranci, hanyoyin ƙauye kuma suna ɓaci.

Kada a manta da ƙananan kaya. Firimiks (haɗin bitamin da ma'adinai), laisin da metiyonin (sinadaran gina jiki) 'yan kilo kaɗan ake zubawa a tan, amma in babu su haɗi bai cika ba, kuma farashinsu dala yake bi, kamar yadda aka gani bayan an bar kasuwa ta riƙa yanke darajar naira a watan Yuni na 2023. Ba sa cin wuri, a ajiye na wata biyu zuwa uku a ɗaki mai sanyi. Fiye da haka zafinmu yana rage ƙarfin bitamin ɗin da ke cikin firimiks.

Tsohon Ɗan Dawanau:

Alhaji, abin da dillalinka ya yi bai kyautu ba, amma tsarin cinikin ne ya buɗe masa ƙofa. Ka ba shi wani ɓangare na kuɗi, ka ɗaure shi a kan farashi ɗaya, shi kuma bai sayi kayan ya ajiye ba. Da buhu ya ƙara kuɗi, duk tirelar da ya kawo maka asara ce daga aljihunsa. Mutum ba zai fito ya ce maka "na kasa" ba, sai dai ya yi ta ja maka rai.

Hanya biyu ce mai tsafta. Ko dai ka biya kuɗin gaba ɗaya, a rubuta adadi, da irin masarar, da ranar kawowa, da inda za a sauke, wanda shi ne cinikin salam a fiƙihu, shi kuma ya saya nan take ya ajiye da sunanka, ka tura yaronka ya gani da ido ya sa wa buhunan alama. Ko kuma kada a yanke farashi: a amince cewa za a bi farashin kasuwa na ranar lodi, a ɗora masa la'adarsa a kan kowane buhu, tsayayya. A wannan tsarin tashin kasuwa bai shafi ribarsa ba, ba shi da dalilin ɓuya.

Sannan a raba ƙafa. Babban dillali ya riƙe kamar kashi 60 cikin ɗari, na biyu 30, ragowar a saya kai tsaye a kasuwa don ka riƙa jin farashi da kunnenka. Abin da mutane ke kuskurewa shi ne su ɗauki dillalai biyu da duk a kasuwa ɗaya suke lodi. In ɗaya yana ɗauko maka daga Saminaka, ɗayan ya zama na ɓangaren Giwa, Dandume ko Funtuwa, don matsalar hanya ko tsaro da ta tare wancan kada ta tare wannan. Kuma na biyun a riƙa ba shi ciniki ko da babu matsala. Dillalin da sai rana ta ɓaci ake kira, farashin ranar ɓaci zai ba ka.

Batun biya kuwa, shi ne rabin zumuncin. Wanda ke biyan ciko cikin kwana biyu da sauke kaya, shi ake fara tunawa in kaya sun yi wuya. A lokacin ƙarancin takardun naira a farkon 2023, manoma da yawa a kasuwannin ƙauye sun ƙi karɓar taransifa, kaya sun tafi wurin wanda dillalai suka yarda ba zai riƙe musu kuɗi ba.

Hajiya Mai Auna Inganci:

Zan ƙara abu ɗaya a kan maganar Baba Ɗan Dawanau, a rubuta inganci a cikin yarjejeniya, don in kaya sun yi ƙaranci nan ne algus ke shigowa. Danshi kada ya wuce kashi 13 zuwa 14 cikin ɗari. Sabuwar masara mai danshi 18, in ta bushe ta koma 13, kowane buhu ya rasa kusan kilo 6, a tirela guda kimanin buhu 17 ka biya kuɗin ruwa. Mafi muni, in aka jibge ta a haka za ta yi zafi ta yi fumfuna, gubar afulatoksin ta shiga, ƙwai ya ragu, hantar kaji ta lalace. A ɗebi samfur daga buhuna daban-daban, gaba da tsakiya da bayan mota, a auna da na'urar auna danshi, a tankaɗe a ga yawan tsakuwa da totuwa, duk kafin 'yan dako su fara saukewa. Bayan an sauke, magana ta ƙare. A saya da sikeli, ba da ƙirgen buhu ba.

In masara ta yanke, dawa tana iya maye wani ɓangare, kaura ko farfara. A guji mai jan ɓawo mai bauri, tana hana kaza amfana da abincin. A shigar da ita sannu a hankali cikin mako guda, kuma a sanar da masu kajin ƙwai cewa kwaiduwa za ta iya yin haske, musamman da farfara. Ƙuli-ƙuli kuma ba ya maye kek ɗin waken suya kai tsaye, sai an ƙara laisin da metiyonin.

Mai Injin Haɗi:

Na gode ƙwarai. To me zai hana a sayi na shekara guda da kaka a huta?

Manajan Sito:

Ban ba da wannan shawarar ba, Alhaji. Jari zai kwanta wata da watanni, ga hayar sito, ga maganin ƙwari, ga gadi. Kuma ba dole ne farashi ya tashi bayan kaka ba. A watan Yuli na 2024 gwamnatin tarayya ta sanar da janye harajin shigo da masara da wasu kayan abinci na kwana 150, a 2025 kuma farashin hatsi ya faɗi, waɗanda suka cika sito da tsada suka sayar da asara, masu sayen kaɗan-kaɗan suka fi su arhar haɗi. A sayi na wata uku zuwa huɗu tsakanin Nuwamba da Janairu in ta bushe sosai, a ware shi don watannin damina, sauran a ci gaba da saye a hannun dillalan nan biyu. A jera buhu a kan katako, a bar ratar da mutum zai wuce tsakaninsu da bango, a riƙa fitar da wanda ya fara shiga.