Muhawara: Wai lesin CARS damfara ce, fahimtar karatu kuma baiwa?

Ɗan Fagge: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Yau sai na fasa ƙwai, wanda zai ji haushi ya ji. Lesin da ake yi wa yaranmu masu neman shiga makarantar likitanci a Amurka, a kan CARS, wato sashen fahimtar karatu da nazarin hujja na jarrabawar MCAT, damfara ce tsagwaronta. Sauran sassa uku na yarda akwai abin koyarwa, akwai bayoloji da kemistiri da ilimin halayyar ɗan Adam. Amma CARS fa? Matani 9, tambaya 53, minti 90, kuma ita kanta AAMC mai shirya jarrabawar ta ce ba a buƙatar wani ilimi daga waje, abin da ke cikin matanin ya wadatar. To me malamin lesin yake sayarwa har wani ya karɓi sama da dala 100 a awa ɗaya? Fahimtar karatu baiwa ce. Wanda Allah Ya ba, Ya ba shi. Iyaye a daina zubar da kuɗi.

Malam Bronx: Wa alaikumus salam. Ƙanina, ka janye kalmar baiwa tukuna, sannan mu yi magana. Baiwa ita ce abin da ba a rarrabe shi gaɓa-gaɓa, shi kuwa CARS a rarrabe yake. Kashi 30 cikin ɗari na tambayoyin a kan gane abin da marubuci ya faɗa ne. Kashi 30 a kan yadda ya gina hujjarsa, wace jimla ce da'awa, wace ce shaida. Kashi 40 kuma a ɗauki hujjar a kai ta wani wuri, ko a kawo sabon bayani a ce me zai yi mata. Kowane kashi da irin kuskuren da ake yi a cikinsa, kowane kuskure kuma da maganinsa.

Ɗan Fagge: Malam, mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. Kowa a zauren nan ya san sana'arka lesin ce.

Maman Sadiq: Kai Ɗan Fagge, ka ji tsoron Allah. Malam ya girme ka. Ni dai kalmar nan ta baiwa ce ba ta yi mini ba. Da ita ake kashe wa yara gwiwa. Yaro ya samu maki 122, ƙasa da tsakiya, a gwajin farko, a ce masa ba shi da baiwa, shi ke nan ya haƙura da likitanci.

'Yar Adabi: Anti, ba baiwa ba ce, kuma ba dabarar malamin lesin ba ce. Sabo ne. Rabin matanin daga fannin adabi da falsafa da addini da fasaha ake ɗebo su, rabi daga tarihi da siyasa da tattalin arziki da zamantakewa. Kowanne kalma 500 zuwa 600. Ɗalibin kimiyya ya shekara huɗu yana karanta littafin da kowace jimla a cikinsa gaskiya ce da za a haddace. Sai a ba shi rubutun wani masanin falsafa da ya ɓata sakin layi biyu yana kawo ra'ayin abokin hamayyarsa, a na uku ya ce "sai dai", ya rushe shi. Yaron ya ɗauka ra'ayin farkon nan na marubucin ne, tambaya uku ko huɗu sun tafi a matani ɗaya. Matsalar 'yan kimiyya ke nan, ba su iya karatu ba, hadda suka iya.

Bazazzagi: Haba 'Yar Adabi. 'Yan kimiyya ba su iya karatu ba? Su wa suke rubuta maganin da kike sha?

'Yar Adabi: Yaya, rubutun da ko mai kemis sai ya yi da gaske yake karantawa?

Bazazzagi: Wannan cin fuska ne, ba hujja ba.

Baban Walida: An bar jaki ana dukan taiki. Ni a kan baiwa zan ce wani abu. Sashen nan ana ba da maki daga 118 zuwa 132, tsakiya 125. Ko baiwa ce ko ba baiwa ba ce, a Kanada ba a tambaya. Jami'ar McMaster da ke Hamilton a duk MCAT makin CARS kaɗai take dubawa, kuma ƙasa da 123 ba ta karɓar takardarka. Wanda ya zauna jiran baiwa a nan ya zauna.

Ɗan Fagge: Baba, ai ka ƙarfafa maganata. Sun san shi ne sashen da ba a iya saya da kuɗi, shi ya sa suka zaɓe shi.

Baban Walida: A ina suka faɗi haka?

Ɗan Fagge: Kowa ya sani.

Malam Bronx: Bari in nuna muku abin da ake koyarwa, tunda an ce iska ake sayarwa. Minti 90 a raba wa matani 9, minti 10 kowanne. Minti 3 zuwa 4 karatu, sauran 6 na tambayoyi, kuma kowane matani yana ɗauke da tambaya 5 zuwa 7, wato kusan minti ɗaya ga kowace. Ba a duba agogo bayan kowace tambaya, yana tsinka hankali. Sau biyu ake dubawa: in saura minti 60 ya zama an gama matani 3, in saura 30 an gama 6. A ƙarshen kowane sakin layi ɗalibi ya tsaya daƙiƙa biyar ya faɗa wa kansa aikin da sakin layin ya yi, ba abin da ya ƙunsa ba. "Ya kawo ra'ayin wasu." "Ya soke shi." "Misali ne kawai." Kafin ya taɓa tambaya ta farko ya faɗi manufar marubucin a jimla ɗaya, da yanayinsa: yabo yake yi, suka, ko yana tsaka-tsaki. Wanda bai iya faɗin wannan jimlar ba bai karanta ba, idonsa ne ya bi ta kan rubutun.

Sai zaɓi huɗu da ke ƙarƙashin kowace tambaya. Ukun da ba daidai ba yawanci ba sa wuce waɗannan kamannin. Wanda ya zarce gona da iri: marubuci ya ce "sau da yawa", zaɓin ya ce "kullum". Wanda gaskiya ne a duniya amma matanin bai faɗa ba, wannan shi ke cin masu ilimi. Wanda yana cikin matanin kalma da kalma amma ba shi aka tambaya ba. Wanda ya juya maganar baibai. Da wanda maganar abokin hamayya ce aka jingina wa marubuci. A kwamfutar akwai damar ja wa zaɓi layi a soke shi, a yi amfani da ita. Akwai ta haskaka rubutu ma, amma a taƙaita ta ga sunaye da kalmomin juyi irin su "amma" da "duk da haka". Wanda ya shafe rabin matani da ruwan ɗorawa bai haskaka komai ba.

Bazazzagi: Malam, a nan na saɓa maka. Tambaya ake fara karantawa, sannan a je a farauto amsar. Karanta matani gaba ɗaya ɓata lokaci ne.

Malam Bronx: Wannan dabarar Ingila ce, kada ka ɓata mana yara.

Bazazzagi: To ai ta Ingila ce jarrabawar maza. A UCAT, jarrabawar shiga likitanci ta can, sashen karatu matani 11 ne, tambaya 44, minti 22. Minti biyu ga matani, daƙiƙa 30 ga tambaya. Ku da aka ba ku minti 10 har kuna kuka. Da yawan tambayoyin ma magana ce za a ba ka, ka ce gaskiya ce, ko ƙarya ce, ko matanin bai ba da damar yanke hukunci ba. Ka ɗauki suna ko shekara daga tambayar, ka nemo inda take, ka karanta jimlar da ke gabanta da wadda ke bayanta, ka wuce.

'Yar Adabi: Yaya, wannan ai tsintar kalma ce, ba karatu ba. A CARS tambaya ɗaya ake nuna maka a gefen matanin, sai ka danna ka ga ta gaba, don haka leƙen tambayoyi shida kafin karatu ya ci maka kusan minti guda, kuma kafin ka kai sakin layi na uku ka manta rabinsu. Sannan kashi 40 ɗin nan ba su da kalmar da za ka farauto. Misali marubuci ya dage cewa kada a taɓa tsohon zanen bango, domin launin da ake gani yanzu shi ne hannun mai zanen. Tambaya ta ce: a ƙaddara an gano wani mai gyara ne ya shafa wannan launin shekara 200 bayan rasuwar mai zanen, me wannan zai yi wa hujjar? Babu jimlar da za ka nuna da yatsa. Sai ka san a kan me hujjar ta tsaya kafin ka gane an zare mata ginshiƙi.

Bazazzagi: Duk da haka ta Ingila ta fi wuya.

Baban Walida: Ta fi sauri dai. Sauri daban, wuya daban.

Ɗan Fagge: Duk wanda ya ci Turancin JAMB da kyau zai ci wannan ba lesin. Baiwa ce dai.

Maman Sadiq: Kai yaro, JAMB kuma? Turancin JAMB tambaya 60 ne, kuma yawancinsu nahawu ne da ma'anar kalmomi da furuci, fahimtar matani ɗan kaso ne. Kuma a gida daga sakandare ake shiga likitanci, a Amurka sai an gama digiri na farko. Ba abin da ya haɗa kifi da kaska.

Ɗan Fagge: Anti, Turanci dai Turanci ne.

'Yar Adabi: Ba jarrabawar Turanci ba ce. 'Ya'yan Turawan da aka haifa da harshen ma suna faɗuwa a cikinta. Wanda ya yi karatun zaure ya saba da malami ya ce "wasu sun ce kaza, amma ingantacciyar magana ita ce kaza" ya riga ya san rabin aikin: rarrabe muryar mai littafi da muryar wanda ya ambato.

Bazazzagi: Yanzu kuma an koma cewa almajirai za su ci MCAT.

'Yar Adabi: Ban ce haka ba, ka sake karantawa. Ka ga irin zaɓin da ya zarce gona da irin da Malam ya faɗa.

Baban Walida: Tunda kuɗi ne asalin ƙorafin, ga yadda ake gane lesin banza. Malamin da zai karanta matani da kansa, ya bayyana shi da kyau, ɗalibi yana gyaɗa kai, bai koyar da komai ba, ranar jarrabawa ba ya nan. Na kirki shi ne zai yi shiru, ɗalibi ya yi tunaninsa a fili, har a kai daidai inda ya kauce. Na biyu, wanda ya yi alƙawarin maki, ya ce in ka faɗi tambaya kaza za ka samu 128. Babu tsayayyen jadawali, kowane zubin jarrabawa da yadda ake daidaita makinsa gwargwadon wuyarsa. Na uku, wanda ba ya amfani da tambayoyin AAMC. Tana da kundi biyu na CARS, kowanne tambaya 120, ga cikakkun jarrabawowin gwaji. Na kamfanoni suna da amfani wajen saba wa agogo, amma salon hujjarsu yakan bambanta, don haka a ajiye na AAMC zuwa makonni shida na ƙarshe. Kuma lokacin bita ya ninka na gwaji. Matani na minti 10, bita minti 20, a rubuta a littafi: irin tambayar, zaɓin da aka ɗauka, dalilin ɗaukarsa, da jimlar da ta tabbatar da amsar gaskiya. Bayan matani 30 za a ga kuskure iri biyu ko uku ne suke ta maimaituwa. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski.

Maman Sadiq: Baban Walida, a ƙara da maganar tsallake matani. Ana ce wa yara su yi 8 da kyau su yi canki-canka a na 9. Ba a rage maki don an faɗi tambaya, saboda haka kada a bar ko ɗaya babu amsa, wannan gaskiya ne. Amma canki-canka a tambaya 6 masu zaɓi huɗu, ɗaya ko biyu za a dace. Ga mai neman 125 yana iya wucewa, ga mai neman 129 asara ce. Kuma a tuna CARS shi ne sashe na biyu, yana zuwa bayan minti 95 na kemistiri da fizis da hutun minti 10. Wanda kullum da sanyin safiya yake gwada matani ɗaya yana shan shayi bai san gajiyar da ke jiransa ba. A riƙa haɗa 9 a zama ɗaya, aƙalla sau ɗaya a mako. Ba a fafe gora ranar tafiya, ga shi sau 3 kawai ake iya zama jarrabawar a shekara, sau 7 a tsawon rayuwa, kuma makarantu suna ganin duk makin da aka taɓa samu.

Ɗan Fagge: To duk wannan da kuka zayyano kyauta, me ya rage da za a biya dala 100? Kun ga damfarar da nake faɗa.

Bazazzagi: Ni har yanzu ba a ba ni haƙuri a kan maganar 'yan kimiyya ba.

Malam Bronx: Jama'a dare ya yi, bari in taƙaita a matsayina na mai kula da zaure. Na ɗaya, an yi ittifaƙi cewa CARS ba baiwa ba ce, koyonsa ake yi. Na biyu, 'Yar Adabi da Baban Walida sun nuna cewa ɗalibi ba ya ganin kuskurensa da kansa, sai da ƙwararren malami a gefensa. Na uku, dabarar Ingila ba ta aiki a nan, Bazazzagi ma ya gane. Maganar damfara kuwa ba wanda ya kawo mata hujja, don haka ta faɗi. Mai neman ƙarin bayani a kan tsarin makonni 12 ya same ni ta gefe. Na rufe.

'Yar Adabi: Malam, ni sabo na ce, ban ambaci malami ba.

Baban Walida: Ni ma littafin bita na ce, kuma yaro zai iya rubuta shi shi kaɗai a ɗakinsa.

Bazazzagi: Ban gane komai ba, kada a yi mini ƙage.

Ɗan Fagge: Malam, makonni 12 ɗin nawa ne?