Ƙari a mahaifa, kuma ina tsoron wuƙa: ku ba ni shawara

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan uwa. Admin a ɓoye sunana. Shekarata 36, ɗana ɗaya, na yi ɓari sau biyu. Al'adata kwana 9 take yi da gudaji, har jiri ke ɗibata a kicin. An yi min sikanin, an ce faibroid, wato ƙarin mahaifa, guda 3, babban santimita 7. Likita ya ce tiyata. Yayata ta sha wuya bayan an yanka ta, ni ce na yi jinyarta wata biyu, kullum ina wanke ciwo, uwar mijinta ko leƙe. Ga surukata tana ta aiko min jiƙe-jiƙe a jarka. Na ji ana yi ba yanka, gaskiya ne?

Hajiya Babba: Ƙanwata kar ki yarda a taɓa ki da wuƙa. Ni toshe jijiya aka yi min a Alƙahira. Siririn bututu suke zurawa ta matsematsi, su toshe jijiyar da ke kai wa ƙarin jini, sai ya yi ta motsewa. Kwana ɗaya na yi a gado. Ciwon mara na sha kamar naƙuda, amma cikin wata shida jinin ya daidaita.

Anti Nas: Hajiya, ke kin gama haihuwa lokacin. Mai neman ciki ba kasafai ake fara mata da toshe jijiya ba. Ƙanwata, ina ƙarin yake? In yana cikin ramin mahaifa, ana iya kankare shi ta gaba da na'ura, ba yanka ko kaɗan. In a jikin bango yake ko ta waje, akwai tiyatar huda ciki wuri 3 ko 4 da kyamara. Kuma nawa ne jininki?

Maman 'Yan Biyu: Ku kuna maganar Alƙahira. Ni kuɗin sikanin ma sai da na sayar da 'yan kunnena, maigidan yana can yana haɗa lefe. Allah ya isa.

Hajiya Babba: Anti Nas, na san wadda ta haihu bayan toshewar. Ku ma'aikatan asibiti komai sai ku tsorata mutum.

Uwar Gida: Ni allurar Zoladex aka yi min, ƙarin ya ragu sosai.

Anti Nas: Yana raguwa, amma in aka daina sai ya dawo, kuma ba a son wuce wata 6 saboda tana raunana ƙashi. Yawanci share fagen tiyata ce. Hajiya, ana haihuwa, ban musa ba, haɗarin ɓari ne ake dubawa, ita kuwa ta yi biyu.

Mai tambaya: Takardar tana wurin maigida, ban san wurin da aka rubuta ƙarin yake ba. Jinin ma ban auna ba tun azumi. Kuma jiƙon nan fa ba zan daina ba, watan jiya kwana 7 kawai na yi. Ba wai na ƙi asibiti ba ne, ku ba ku ga abin da na gani a jikin yayata ba.

Anti Nas: To ki auna jinin gobe, ki nemi a rubuta miki maganin rage zubar kafin komai.

Hajiya Babba: Ki yi min magana ta inbox, in faɗa miki yadda na yi biza.

Mai tambaya: Hajiya nawa kika kashe duka har jirgi? Don maigida ya ce a bari sai bayan sallah.