Makin ɗalibai 40 a rukuni: wane adadi zan kai wa shugaban makaranta?

Malama Hadiza, Gangare: Salamu alaikum. Ga makin lissafin ajina: 1–20 mutum 4, 21–40 mutum 6, 41–60 mutum 15, 61–80 mutum 10, 81–100 mutum 5. Jibi ake son adadi ɗaya da zai nuna matsayin ajin. Matsakaici zan bayar ko midiyan, wato makin da ke tsakiya in an jera su?

Malam Sabo, Bukuru: Wa alaikumus salam. Fitar da tsakiyar kowane rukuni: 10.5, 30.5, 50.5, 70.5, 90.5. Ninka kowanne da yawan ɗalibansa, ki tara, 2140 ke nan. Raba da 40, matsakaici 53.5.

Auwalu Rikkos: Malama, ki sayi kalkuleta Casio kawai, akwai mai araha a kasuwar Taminus.

Maman Khalifa: Auwalu, wannan jabu ce, ta gaske ta fi tsada. Kuma ba abin da ta tambaya ke nan ba.

Injiniya Bala: Midiyan 54.3 na samu.

Malam Sabo: Injiniya, da 41 ka fara. Midiyan yana rukunin 41–60, iyakarsa ta ƙasa kuma 40.5 ce. Rabin 40 shi ne 20, waɗanda ke ƙasa da rukunin 10 ne, saura 10. Raba da 15, ninka da faɗin rukuni, wato 20 ba 19 ba, ka ɗora a kan 40.5. Ya zama 53.8. Mod kuma, makin da ya fi yawan fitowa, 40.5 da 9/14 na 20 ne (15 ya fi 6 da 9, ya fi 10 da 5, 9 da 5 kuma 14), wato 53.4. Tunda ukun sun kusa haɗuwa, makin bai karkata gefe ɗaya ba, matsakaici ya wadatar.

Injiniya Bala: A wajen aiki rabin maki ba ya rusa gada.

Maman Khalifa: A WAEC kuwa yana rusa amsa. Maganar mai koyarwa za a bi a nan.

Baba Ɗanladi, Unguwar Rogo: 'Yata, in takardun yaran suna hannunki, tara makin na ainihi. Lissafin rukuni ƙiyasi ne, yana ɗauka duk yaran 41–60 sun ci 50.5. Abin da ke ci mini rai shi ne adadi ɗaya ya rufe yara huɗun nan da ba su haura 20 ba. Ana kai 53 ofis a ce madalla, su kuma a tura su aji na gaba ba su iya raba lamba ba.

Auwalu Rikkos: Gaskiya ne Baba. Wasu makarantun kuɗi ba sa barin yaro ya maimaita aji, don kada iyaye su cire shi.

Malama Hadiza: To in haɗa da sunayen huɗun, ko teburin kawai?